GIDA DA HUKUMA: In An Tarar Da Mutum Ya Mutu A Ɗaka

A watan jiya mun yi magana a kan wasiyya da rabon gado. A wannan wata za mu taɓa wata magana mai nauyi, wadda ba a so a yi ta gaban yara, amma tana faruwa a garuruwanmu, har a gidajen masu bi. Gari ya waye, an ƙwanƙwasa ƙofar wani, shiru. Aka ɓalle ƙofa, aka tarar ya mutu, alhali jiya lafiyarsa ƙalau. Kafin rana ta take magana ta zaga unguwa, wai shi ya kashe kansa.

A irin wannan rana mutanen gida sukan so abu biyu. Suna so a rufe maganar, suna kuma so a binne gawa da sauri. Sai ga 'yan sanda sun zo sun ce kowa ya fita daga ɗakin, kada a taɓa kome, za su tafi da gawa asibiti. Iyali su ji kamar an fama musu miki. Wani ya ce, "Me ya rage kuma? Ai ga shi kowa ya gani." To, bari mu bi aikin nan daki daki, mu ga abin da 'yan sanda suke nema, da dalilin da ya sa bincikensu ya fi yi wa iyali amfani a kan rufa-rufa.

SANADI HUƊU

Ɗan sanda wanda ya san aikinsa yakan shiga ɗakin da tambaya guda: me ya kashe wannan mutum? Amsar ba ta wuce ɗaya cikin huɗu. Ko ciwo ne, ko haɗari, ko mutumin ya kashe kansa, ko kuwa wani ya kashe shi. An koya masa ya bar ƙofofin nan huɗu a buɗe, ya kuma ɗauki mutuwar da zato har sai shaida ta nuna masa ba hannun kowa a ciki. Dalili kuwa shi ne, in ya fara da cewa kisan kai ne na wani, daga baya ya ga ba haka ba ne, bai yi hasarar kome ba sai lokaci. Amma in ya fara da cewa mutumin ne ya kashe kansa, aka share ɗaki, aka wanke gawa, aka binne, shaidar da ta tafi ta tafi ke nan.

Ku tuna fa ciwo yana kisa farat ɗaya. Bugun zuciya, da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa saboda hawan jini, da farfaɗiya cikin barci, duk suna ɗauke mutum a daren da ba a zata ba. In aka ga kwalbar magani kusa da gadonsa sai mutane su ce ya sha ne don ya mutu, alhali maganin da likita ya ba shi ne. Haɗari ma haka. Hayaƙin janareta da aka kunna a cikin gida ko a bakin taga, da na kaskon gawayi da aka shiga da shi ɗaka a lokacin hunturu aka rufe ƙofa, suna ɗauke da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Takan sa mutum barci mai nauyi har ya zarce. An sha rasa iyali guda a dare ɗaya ta wannan hanya a ƙasarmu, maƙwabta kuma su yi ta cewa guba aka sa musu a tuwo, ko maigidan ne ya hallaka su da kansa. Likita kaɗai zai iya raba wannan gardama, gama gwajin jini yana nuna iskar nan sarai.

RAI YA FI SHAIDA

Kafin a yi zancen 'yan sanda, ga abin da ya fi kome. In akwai ko ɗan zaton cewa mutumin yana da sauran numfashi, a cece shi. A saukar da shi, a kwance abin da ya shaƙe shi, a buɗe ƙofa da taga, a kashe injin, a ruga da shi asibiti. In wani abu ya sha, a tafi da kwalbar ko takardar maganin don likita ya gani, kada kuma a ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai da ƙarfi. Ba ɗan sandan da zai zarge ka don ka taɓa mutum garin ceton ransa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake bukatar taimakon gaggawa. Abin da ake so kawai, ka riƙe a ka yadda ka same shi, da abin da ka taɓa, da ƙarfe nawa ne, ka faɗa wa 'yan sanda. In igiya ce ka yanka, kada ka kwance ƙullin, ka bar shi yadda yake.

Amma in ya tabbata rai ya yi halinsa, jiki ya yi sanyi ya sandare, to, aikinku ya zama na tsaro. A fitar da kowa daga ɗakin. A ja ƙofa, a sa dattijo ɗaya ya zauna a bakinta. Kada a yi shara, kada a canja wa gawa tufa, kada a zubar da abin da yake cikin kofi ko kwano, kada a ɗauke takarda ko wayar hannu. A aika mutum caji ofis mafi kusa, ko a buga lambar gaggawa 112 inda take aiki. A ƙauyen da ba 'yan sanda, a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi ya kai rahoto gaba. Wannan ba zaɓi ba ne. Dokokin binciken mutuwa na jihohinmu sun ɗora wa wanda ya tarar da irin wannan gawa nauyin sanar da hukuma.

Ina roƙon samari da 'yan mata musamman, kada a ɗauki hoton gawa a watsa a Facebook ko WhatsApp. Uwa ba ta cancanci ta ji mutuwar ɗanta daga wayar wani ba.

ABIN DA ƊAKI YAKE FAƊA

A shekarar 1910 wani likita Bafaranshe mai suna Edmon Lokar ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Liyon. Shi ya koyar da ƙa'idar da masu bincike suke bi har yau, watau duk wanda ya shiga wuri yakan bar wani abu nasa, yakan kuma fita da wani abu na wurin. Sawun takalmi, zanen yatsa a jikin kofi, gashi, zaren riga, ƙasa a tafin ƙafa. Shi ya sa in mutum talatin suka shiga ɗaki suna kuka suna rungumar gawa, sun rubuta nasu labari a kan labarin da ake so a karanta.

Ɗan sandan da aka ba binciken yakan tsaya a ƙofa tukuna ya duba. Yakan ɗauki hoto, ya zana taswirar ɗakin, ya rubuta inda kowane abu yake, sa'an nan a taɓa gawa. Yana tambayar kansa: an kulle ƙofa ta ciki ne ko ta waje? Ina mabuɗi? Taga fa? Akwai alamar kokawa, kamar kujera a kife ko labule a tsinke? An ɗauke kuɗi ko wani kaya? Mutumin zai iya yin abin nan shi kaɗai, da tsawonsa da ƙarfinsa da hannun da ya saba aiki da shi? Kofi nawa ne a kan tebur, ɗaya ko biyu?

Gawa ma tana da nata bayani. Bayan zuciya ta tsaya, jini yakan gangara ya kwanta a sashen jikin da yake ƙasa. Wannan yakan soma cikin sa'a ɗaya ko biyu, bayan kamar sa'a 8 zuwa 12 kuma ya zauna daram, ko an juya gawa ba ya tashi. Saboda haka in an sami mutum a rub da ciki, amma jini ya kwanta a bayansa, an san wani ya juya shi ko ya ɗauko shi daga wani wuri bayan ya mutu. A baƙar fata wannan alama ba ta fita sosai, sai mai ido ya duba tafin hannu da farce, likita kuma ya gani a ciki. Sandarewar jiki takan soma daga muƙamuƙi da wuya bayan sa'a 2 zuwa 6, ta game jiki wajen sa'a 12, sa'an nan ta sake bayan kwana ɗaya ko biyu. A zafin bazara irin namu duk wannan yakan yi sauri. Da waɗannan alamu ake kintata lokacin mutuwa, a gwada shi da abin da mutanen gida suka faɗa. In wani ya ce ya yi hira da marigayin da asuba, gawa kuwa ta nuna tun farkon dare ya mutu, to, akwai sauran magana.

Sai batun takarda. Mutane sukan ɗauka in akwai wasiƙar ban kwana magana ta ƙare, in babu kuma lalle kashe shi aka yi. Duka biyu kuskure ne. Da yawa cikin waɗanda suka kashe kansu ba su bar ko kalma ɗaya a rubuce ba. Takardar da aka samu kuma dole a gwada ta da rubutun marigayin na dā, a duba ko daga littafin gidan aka yago ta, a kuma tambaya yaushe aka rubuta ta. Haka saƙonnin waya. Iyali sukan so su ɓoye takarda ko su goge saƙo don gudun abin kunya, ko don an ambaci sunan wani. Kada ku yi haka. Ɓoye shaida laifi ne a doka, kuma yakan jawo zato a kan wanda ba ruwansa. In an tafi da takardar, ku roƙa a ba ku hotonta, ku kuma tabbata an rubuta jerin duk kayan da aka ɗauka daga gidan.

TAMBAYOYI MASU ZAFI

Wannan shi ne wurin da ya fi yi wa iyali ciwo. Za a tambayi wanda ya fara ganin gawa, da wanda ya ga marigayin na ƙarshe da rai, da matarsa ko mijinta, da 'ya'ya, da maƙwabta, da abokan aiki. Akan tambayi kowa shi kaɗai, don kada bayanin wani ya rinjayi na wani. Za a tambaya ko akwai bashi, ko faɗa a gida, ko shan giya ko ƙwaya, ko rashin lafiya, ko ya taɓa cewa ya gaji da duniya, ko ya taɓa gwadawa a dā. Za a kuma tambaya wa zai ci gado, ko akwai inshora.

Gwauruwa ta ji ana tambayarta inda ta kwana, sai ta ga kamar an ce ita ce. Ba lalle haka ba ne. Tambayar da take ƙona ta yau ita ce za ta wanke ta gobe a gaban dangin miji. Mun san halin garuruwanmu. In namiji ya mutu farat ɗaya, kafin a gama makoki an soma nuna matarsa da baki. Rahoton likita da na 'yan sanda su ne garkuwarta. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.

Ga shawara ga wanda za a ɗauki bayaninsa. Ka faɗi abin da ka gani da idonka, ka bambanta shi da abin da ka ji a bakin mutane. In ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba cikin harshen da kake ji. Ka tafi da wani dattijo mai natsuwa, ka rubuta sunan ɗan sandan da yake riƙe da maganar.

ALƘALI DA LIKITA

Mutane da yawa ba su sani ba, 'yan sanda ba su ne masu yanke hukunci na ƙarshe a kan sanadin mutuwa ba. Akwai alƙalin binciken mutuwa, wanda a Turance ake ce masa korona, sunan da bai haɗa kome da cutar nan ta 2020 ba. Muƙami ne daɗaɗɗe, tun 1194 yake a Ingila, Turawan mulki suka zo mana da shi. A Nijeriya yawanci majistare ne yake riƙe da shi. Jihar Legas ta sabunta tata dokar a 2007.

'Yan sanda sukan cika takardun rahoto su kai masa, a ajiye gawa a mutuware na asibitin gwamnati. Shi yake ba da umurni likita ya binciki gawar. Likita yakan duba jiki ta waje da ta ciki. Ya san bambancin raunin da aka yi wa mai rai da wanda aka yi wa gawa, gama jikin mai rai yakan kumbura ya zub da jini cikin nama, na matacce kuwa ba ya yi. Yakan duba hannuwa ko akwai raunin kāre kai, ya duba ƙarƙashin farce, ya duba zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa, ya ɗibi jini da fitsari da abin da yake cikin tumbi a kai gwaji. Gwajin guba yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, domin wuraren yinsa kaɗan ne. Amma ba sai an jira shi kafin a yi jana'iza ba. Da zarar likita ya gama nasa aiki, alƙali ya ba da izini, akan ba iyali gawa.

Na san zuciya ba ta son a taɓa gawar ƙaunatacce da wuƙa. Amma ku sani likita yakan ɗinke jiki ya mai da shi yadda za a iya yi masa sutura. Ku kuma sani alƙalin nan yana da ikon sa a tone kabari in daga baya zato ya taso. Jinkirin kwana biyu ko uku ya fi tonon kabari bayan wata shida.

In rahoton likita ya nuna ciwo ne, sau da yawa magana takan tsaya nan. In akwai sauran duhu, alƙali yakan yi zama a fili, ya kira shaidu, ya nemi amsar tambaya huɗu: wane ne marigayin, yaushe ya mutu, a ina, ta wace hanya. Ba shari'ar laifi yake yi ba. In shaida ba ta isa ba, yana iya cewa ba a tabbatar da yadda abin ya faru ba. In kuwa ya ga hannun wani, sai magana ta koma wurin 'yan sandan ciki na jiha. A ƙarshe iyali su karɓi takardar shaidar mutuwa, su yi rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa bisa ga dokar 1992. Ba tare da takardar nan ba, fansho da kuɗin banki sukan maƙale.

ABIN DA YA FARU A AILAN TA AREWA

Don kada a ce duk wannan ɓata lokaci ne, ga labarin da kotu ta tabbatar. A watan Mayu 1991, a wani ƙauyen bakin teku mai suna Kasilrok a Ailan ta Arewa, aka tarar da gawar mutum biyu cikin mota a gareji. Ɗaya Lesli Hawel ce, uwar 'ya'ya huɗu, matar wani likitan haƙori mai suna Kolin Hawel. Ɗayan kuwa ɗan sanda ne, Tirebo Biyukanan, uban 'ya'ya biyu. Iyalan biyu 'yan ekklesiya ɗaya ne a garin Kolren. An riga an sani cewa mijin Lesli da matar Tirebo, mai suna Hezil, suna neman juna, har shugabannin ekklesiya sun shiga maganar. Mahaifin Lesli kuma bai daɗe da rasuwa ba. Ga kuma wata takarda da rubutun hannunta.

Kowa ya ce ai magana a fili take, baƙin ciki ne ya sa mutanen nan biyu suka hallaka kansu. 'Yan sanda suka yarda. Zaman binciken mutuwa na 1992 ma ya tsaya a kan haka. Yara suka girma da tunanin cewa mahaifiyarsu, ko mahaifinsu, ya zaɓi ya tafi ya bar su.

Shekara goma sha takwas ta kusa cika, a watan Janairu 2009, Kolin Hawel ya faɗa wa dattawan ekklesiyarsa gaskiya, aka kira 'yan sanda. Shi ya kashe su, kowanne a gidansa, cikin dare ɗaya, ya kwashe gawawwakin a mota ya shirya su yadda aka same su. Takardar kuwa Lesli ce ta rubuta ta da gaske, amma tun kafin ranar, a lokacin da take cikin ɓacin rai. Ya tsince ta ya ajiye har ranar da za ta yi masa amfani. A 2010 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, ba zai fita ba sai ya yi aƙalla shekara 21. A 2011 kotu ta sami Hezil da laifi ita ma, aka ba ta aƙalla shekara 18. A cikin shekarar kuma ofishin da yake sauraron ƙararraki a kan 'yan sandan ƙasar ya fitar da rahoto, ya ce binciken farko ya yi rauni ƙwarai. Tun da wuri masu bincike suka kama zancen kashe kai suka riƙe, ba su bi diddigin raunin da yake fuskar Tirebo ba, suka kuma gaskata bayanin mutum biyu waɗanda aka riga aka kama su da ƙarya.

Ku lura da darasin. Labarin da ya fi daɗin gaskatawa shi ya rufe idon kowa. Mai laifin kuwa mutum ne mai mutunci, mai tsayawa gaban jama'a, ba wanda ya so ya zarge shi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, amma shekarun da yaran nan suka yi da ƙarya a zuciyarsu ba mai mayar musu. Ba na kawo wannan don ku riƙa zargin juna ba. Yawancin mutuwar da ta yi kama da kashe kai, in aka bincika, haka ɗin take. Na kawo shi don mu gane cewa ba a sanin wadda ta bambanta sai an bincika dukansu da hankali.

ABIN DA DOKA TA CE

Wanda ya mutu ya wuce shari'ar duniya, iyalinsa kuma ba su yi laifi ba don ya kashe kansa. Amma Dokar Final Kod ta Arewa ta 1959, a sashe na 228, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 10 a kan wanda ya zuga mutum ko ya taimake shi ya kashe kansa. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ake duba waya da wasiƙu. Sashe na 231 na dokar ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, a kan wanda ya gwada bai mutu ba. Ingila ta soke irin wannan laifi tun 1961, Ghana ta soke nata a 2023, a 2024 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce tana aiki don a soke shi a Nijeriya. Likitoci sun daɗe suna cewa tsoron kamu yana sa iyali su ɓoye mara lafiya a ɗaka maimakon su kai shi asibiti. Kada tsoron nan ya hana ku. A kai shi.

Ku san haƙƙinku kuma. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana a kama wani a madadin wani. Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har ya ga lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotu tana da nisa. Belin caji ofis kyauta ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. In kun ga ana wasa da bincike, ku je wurin Baturen 'yan sanda na yankin, in bai yi ba ku rubuta wa Kwamishina, ko ku kai kuka gaban alƙalin binciken mutuwa.

WAƊANDA AKA BARI

In bincike ya tabbatar mutumin ne ya kashe kansa, 'yan sanda sun gama nasu, namu ya soma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 suke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. Sau da yawa akwai ciwo a bayan abin, musamman ciwon baƙin ciki mai tsanani, wanda yake da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Iyalin da abin ya faɗa wa suna ɗauke da kaya biyu, rashi da tambayar da ba ta da amsa: me ya sa ban gani ba? In muka ƙaurace musu, mun ɗora musu na uku.

Saboda haka zumuntar mata su kai abinci kamar yadda suka saba kai wa kowane gidan makoki. Dattawa su raka maigida ko gwauruwa caji ofis da asibiti. Kada a tsaya a bakin ƙofa ana yanke wa matacce hukunci, gama ba mu ne masu sanin abin da yake zuciyar mutum a sa'arsa ta ƙarshe ba. A faɗa wa yara gaskiya daidai hankalinsu, ba tare da bayanin yadda abin ya faru dalla-dalla ba, a kuma nanata musu cewa ba laifinsu ba ne. In ba ku faɗa musu ba, za su ji a bakin rijiya ko a filin makaranta, da kalmomin da ba ku zaɓa ba. A sa ido a kan 'yan gidan har watanni, domin wanda ya yi irin wannan rashi shi ma yana cikin haɗari.

Rigakafi kuwa ya fi magani. In wani ya soma cewa gara ya mutu, ko ya janye daga mutane, ko ya shiga rarraba kayansa yana sallama ba tafiya, kada ku ce wasa yake. Ku zauna da shi ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari da na feshin gona da sauran magunguna inda hannu ba ya kaiwa. A kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitocin koyarwa kamar na Jos da Kano da Zariya. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Kai kuma mai karatu, in kai ne kake ɗauke da wannan nauyi a ranka, kada ka kwana da shi yau. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ko pasto, ko malami, ko ma'aikacin asibiti, ka bar shi ya raka ka.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba yadda gwauruwa za ta bi ta karɓi fanshon mijinta da kuɗinsa na banki. Wanda yake da tambaya a kan wannan ya aiko ta hannun Edita. Ku huta lafiya.